Filin Direbobi: Sitiyari Sakayau, Lamba Biyu Kuma Tana Gardama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na sayi Scion FR-S ƙirar 2013 manuwal, 'yar Kwatano, kuma tunda na fara hawanta abu biyu ke damuna. Sitiyarin sakayau nake jin shi kamar ba a haɗe yake da taya ba, har bakanikena ya buɗe bonet ya nemi tukunyar man fawa bai gani ba, yace wai tun a can aka cire famfon. Sannan da safe lamba biyu bata shiga sai na danna da ƙarfi, wani lokaci har ta yi ƙarrr, musamman in zan sauko daga uku. Giyabos ɗin ne ya tafi? Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai kace wa bakaniken ka ya rufe bonet ɗin nan, ba wanda ya cire komai. Motar nan Toyota da Subaru ne suka haɗa kai suka fito da ita a 2012, a lokacin a Amurka ana ce mata Scion FR-S, wasu ƙasashen Toyota 86, ta Subaru kuma BRZ, kuma tun daga kamfani bata da famfon fawa bata shan man fawa, wani ɗan injin lantarki ne a jikin sandar sitiyari yake taya ka juyawa. In yace zai saka maka famfo to ɗauki makullinka ka kama gabanka.

Mutanenmu da yawa suna ɗauka sitiyari mai nauyi shi ne mai kyau, alhali nauyi daban, jin hanya daban. Tsohuwar fikof mara fawa sai ka yi gumi kafin ka juya ta amma ba abin da take faɗa maka. Abin da ake nema a motar tsere shi ne, in ka shiga kwana tayar gaba tana murɗewa a kan kwalta tana neman komawa saiti, wannan ƙarfin yana hawowa ta tayarod zuwa rak har tafin hannunka, sai ka ji sitiyarin na ƙara tauri a hankali yadda kake ƙara kwana. To da zarar tayar ta kusa sakin ƙasa sai ka ji taurin ya ragu kwatsam, motar ce ke ce maka kai ya isa haka. Kamar linzami ne a hannun mahayi, ba sai ka leƙa bakin doki ba ka san abin da yake ciki.

Gaskiya ne fawa na lantarki yana tace wannan saƙon fiye da na mai. Lokacin da Porsche ta koma lantarki a 911 ɗinta a 2011 masoyanta sun yi ta ƙorafi, Honda S2000 kuma kowa na yabon giyarta amma ana kushe sitiyarinta da rashin magana. Kamfanoni sun koma ne saboda famfon mai kullum yana jan injin ta bel ko kana juyawa ko baka juyawa. Amma fa sitiyarin motarka na cikin waɗanda aka yaba, zagaye biyu da rabi ne kacal daga ƙarshe zuwa ƙarshe, motar kuma bata wuce kilo 1,300 ba. Saboda haka in kana jin ta a mace a hannu, ni zargina yana kan tayoyi da ƙafafun motar ne.

Ka fara da iska. Falkanaiza in baka tsaya a kansa ba sai ya dura maka 45 ko 50 ya buga tayar da ƙarfe yace ta yi. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙi, 35 zaka gani, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Tayar da ta cika iska tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, dole sitiyari ya yi sakayau. Sai ka duba ko duka huɗun 215/45 R17 ne kuma iri ɗaya, don na san halin 'yan Beljiyam, gaba dama wani kamfani, gaba hagu wani, ɗaya ma ta dusar ƙanƙara ce. Bayan nan alaimen na kwamfuta, ba na igiya da ido ba, a kuma ɗaga ta a girgiza taya a ga tayarod da bol joyin da bushin, motar ta haura shekara goma ga ramukan hanyoyinmu.

Maganar giya kuwa kada hankalinka ya tashi tukuna. A cikin giyabos akwai wasu zobba da ake kira sinkuro, aikinsu su daidaita gudun haƙoran da zasu haɗu kafin su cije, kuma na lamba biyu ya fi kowa shan wahala don tazarar da ke tsakanin ɗaya da biyu ita ce mafi girma. Da sanyin safiya, balle sanyin Jos a watan Janairu, mai ya yi kauri, zoben baya kamawa da wuri. Masu irin motar nan a ko'ina sun san ta da wannan ɗan taurin kan kafin ta ɗumama. Abin da ke kashe ta shi ne dannawar nan da kake yi. Ka fito da ita daga ɗaya, ka ɗan dakata a firi kamar ƙiftawar ido, ka jingina mata yatsu biyu, zaka ji ta faɗa da kanta.

Ka canza man giyar, don baka san abin da ke ciki ba. 75W-90 mai alamar GL-4 zaka nema. Kada a zuba maka 140 ɗin nan mai kaurin zuma na manyan motoci, GL-5 kuma a bar wa aksul na baya. Ka kuma leƙa ƙarƙashin fedar kuloch, sau da yawa kafet ne aka ninka biyu ya hana ta kaiwa ƙasa, mutum ya yi ta zagin giyabos a banza. In mota na tsaye injin na aiki amma ɗaya da ribas na wahalar shiga, kuloch ne baya saki gaba ɗaya, a duba mansa a fitar da iska.

Ƙarar saukowa daga uku zuwa biyu kuma akwai lissafi a ciki. In allurar juyin injin na kan 3,000 a lamba uku, a wannan gudun lamba biyu kusan 4,200 take so. Taka kuloch, kana wucewa ta firi ka ɗan tsokani totur allura ta yi tsalle, sa biyu, saki kuloch. Hakan na hana motar zabura da tayar baya ta ja, abin da baka so a tsakiyar kwana a mota mai turawa da tayoyin baya. In kuma zaka taimaki sinkuro ɗin sosai, saki kuloch a firi kafin ka ba da totur sannan ka sake takawa, yadda tsofaffin direbobin gingimari ke yi. Ka koya a fili mara mutane, ba a gangaren Hawan Kibo ba, can kuwa giya ake sauka da ita tun daga sama, ba a sa firi ana ta cin birki.

In ka canza mai, kuloch lafiya, mota ta yi zafi sosai amma lamba biyu kaɗai na ci gaba da ƙarrr, kuma takun kuloch sau biyun nan na kashe ƙarar, to zoben ya cinye, sai an sauke giyabos. A nan ka nemi wanda ya taɓa buɗe irin ta, ba wancan mai neman famfo ba.