Filin Manoma: Me Ya Sa Ayaba Ke Kifewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gonar ayaba a fadama, shekararta 3. Bana nonon ya ƙanƙance, kuma da iska ta ɗan taso sai in tarar wasu sun kife har da saiwa. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sari gindin ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ka duba. In ka ga baƙaƙen ramuka a ciki, tsutsar ƙwaron ayaba ce ke ci. In kuwa saiwoyin ne suka yi ja-ja suka ruɓe, wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Yawanci duka biyun a jikin iri ake shigo da su gona.

Saboda haka gyaran daga dashe yake farawa. Zaɓi 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa masu siririn ganye kamar takobi, ka guji masu faffaɗan ganye, don ba su da ƙarfi. Fere gindin kamar doya har ya yi fari tas, ka tsoma gindin kaɗai a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30. Kada ka wuce haka, zai dahu. Ramin dashen ya zama santimita 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da bokiti guda na ruɓaɓɓen taki. Tazarar mita 3 da mita 2 tana ba da wajen gindi 1,600 a hekta.

Ƙanƙancewar nono kuwa, sau da yawa cunkoso ne. Manoma na jin ƙyashin cire 'ya'ya, alhali su ke raba abincin uwar. Kowane gindi a bar uku kawai: uwa, 'ya da jika.

Bayan ka sare nono, ka faskara kututturen ka kife guntayen kusa da gindi. Ƙwarin za su taru a ƙarƙashi, bayan kwana 3 ka tsince su ka kashe. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa don riƙe laima, musamman da hunturu, amma kada ta manne da gindi. Wadda nononta ya yi nauyi kuma a tokare ta da gwafa.

Tambaya: Jan furen da ke rataye a ƙarshen nono, a cire ko a bari?

Amsa: A cire da zarar 'ya'yan ƙarshe sun gama fitowa. A murɗe shi da sanda mai gwafa, don wuƙa na ɗaukar cuta daga wannan gindi zuwa wancan.