Amsa: Sayen fili a sabuwar unguwa a bayan Birnin Kebbi

Malam, ka tambaya ko za ka sayi fili a sabuwar unguwar da ake yankawa tun ba a yi titi ba. Za ka iya, amma fara neman taswirar unguwar da hukumar raya birane ta Jihar Kebbi, wato KUDA, ta amince da ita. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa kaɗai ba za ta kare ka ba ranar rusau.

Babban abin dubawa shi ne ruwa. Je ka ga filin a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Wuraren da suka gangara wajen fadamar Rima laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, shi ya sa bango ke darewa daga kusurwar taga. A irin wannan ƙasa sai a haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare da rodi, a ɗaga daɓe sama da inda titi zai kai. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, sai an zo an cika titi da jan ƙasa gida ya koma rami, ruwan kwata ya riƙa shiga zaure.

Fili mai ƙafa 50 da 100 ya isa iyali, amma a nisanta masai da rijiya kamar mita 30, har da rijiyar maƙwabci. Kada a bar mai bulo ya fitar da fiye da bulo 35 mai inci 9 daga buhun siminti ɗaya.