Jatan landen da ke zama cikin rami: ta yaya namiji ke samun mace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Duwala ta ƙasar Kamaru. Maƙwabtanmu 'yan asalin garin suna yawan ba da labarin wani jatan lande da suke kira mbeatoe. Wai a rami yake zama ƙarƙashin lakar kogin Wuri, ba a ganinsa sai an yi shekaru, sannan ya fito ya cika ruwa, kuma wai daga gare shi ƙasar ta samo sunanta. Shin gaskiya ne? In kuwa kowanne yana cikin raminsa, ta yaya namiji ke haɗuwa da mace har su hayayyafa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabtanka gaskiya suka faɗa maka. Masana suna kiran wannan halitta Lepidophthalmus turneranus, kuma ana samunta a bakin tekun Afirka daga Togo har zuwa Kwango, wato har da gaɓar Najeriya, a wuraren da ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. Babba daga cikinsu kan kai santimita 14 ko ɗan fiye. A shekarar 1472 matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, suka tarar da shi maƙil da jatan lande, sai suka sa masa suna Rio dos Camarões, kogin jatan lande. Sunan ne ya yi ta sauya kama a bakin Turawa har ya zama Kamaru. Masanin Faransa Théodore Monod ya yi rubutu a 1927 a kan cewa wannan mai zaman ramin ne ƙasar ta ci sunansa.

Kafin batun barbara, ya kamata ka san irin halittar da muke magana a kai, don ba ita ce kirefish ɗin da ake busarwa a Oron a kawo mana kasuwa ana zubawa a miya ba. Waccan ƙaramin jatan lande ne mai iyo a sarari. Mbeatoe kuwa dangin da ya fito daban ne, ya ma fi kusa da ƙaguwa ta fuskar asali. Ƙafafunsa goma, biyun gaba sun zama hannuwan damƙa, ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, musamman a jikin namiji. Ɓawonsa laushi gare shi, jikinsa fari-fari har kana iya hango kayan cikinsa, idanunsa kuma ƙanana ne ƙwarai. Duk wannan siffar mai zaman duhu ce. Wanda bango ke kare shi ta kowane gefe ba ya buƙatar sulke mai kauri.

Ramin shi ne rayuwarsa gaba ɗaya. Yana haƙa da ƙafafun gaba, ya tara lakar a wasu faffaɗan gaɓoɓi da ke gaban bakinsa, ya kai ta waje ko ya cusa ta a wani lungu. Ramin ba miƙaƙƙe ba ne: yana da rassa, yana da 'yan ɗakuna masu faɗi inda dabbar ke juyawa, tunda hanyar daidai jikinsa take. A wasu ire-irensu zurfin kan wuce mita 2. A ƙarƙashin cikinsa akwai wasu fika-fikai da yake kaɗawa su jawo sabon ruwa cikin ramin, da shi yake numfashi. Idan teku ta janye, ruwan ramin ya tsaya cik, iskar oksijin ta yi ƙasa, yana jurewa. An gwada ɗan'uwansa na gaɓar Kalifoniya a Amurka, aka ga yana yin kwanaki a ruwan da babu oksijin bai mutu ba. Abincinsa ma a nan yake: ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke manne da laka, yana tacewa yana ci.

To ga inda matsalar da ka hango take. A yawancin wannan dangi, rami ɗaya dabba ɗaya ne, kuma ba sa son baƙo. Ka haɗa maza biyu a hanya guda, faɗa za su yi da manyan hannuwan nan. Fita waje kuma ganganci ne, domin mai laushin jiki irin wannan loma ɗaya ne ga kifi ko tsuntsu. Saboda haka aka daɗe ba wanda ya ga barbararsu da ido, tunda laka ba ta nuna abin da ke cikinta.

Waɗanda suka buɗe wannan ƙofa masu bincike ne na Jami'ar Nagasaki a Jafan, a aikin da suka fitar a 2017 kan wani nau'i mai suna Nihonotrypaea harmandi. Dabarar da suka yi ita ce zuba dabbobin cikin wani yashi na roba wanda ake ganin cikinsa garau. Abin da suka gani ya burge ni ƙwarai. Namiji da mace kowa na zaune a nasa ramin, ba ruwan wani da wani. Sai lokacin saka ƙwan mace ya gabato, sannan ramukan su haɗu ta ƙarƙashin ƙasa, a fara kai wa juna ziyara. Barbarar kanta ba ta cika minti 2 ba. Namiji ba ya zuba maniyyi a ruwa kamar yadda kifaye da yawa ke yi. Dunƙule shi yake cikin 'yar jaka mai danƙo, ya liƙa wa mace a ƙasan ƙirjinta. Kafar fitar maniyyinsa tana gindin ƙafa ta biyar, kafar fitar ƙwanta tana gindin ƙafa ta uku, don haka idan ƙwan ya fito sai ya bi ta kan jakar ya haɗu da maniyyin a waje. Bayan haka namijin ya tsaya kusa yana gadi. Yanzu ka gane amfanin ƙaton hannunsa: wurin zamansu cunkushe yake, ana iya samun ɗaruruwa a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kuma kowane namiji na iya fasa bango ya shigo. Wani abin lura shi ne macen ba ta yi saɓa kafin barbara ba, da ɓawonta na yau da kullum aka sadu da ita.

Na ambaci saɓa ne domin a wani dangin masu haƙa rami, wato Alpheus, ita ce ke juya komai. Waɗannan sun zaɓi zaman aure. Namiji da mace, galibi masu kusan girma ɗaya, suna zaune a rami guda suna tsaronsa tare. Dalili kuwa shi ne macensu ba ta karɓar namiji sai cikin ɗan gajeren lokaci bayan ta tuɓe tsohon ɓawonta, sabon yana da taushi. Namijin da ba ya nan a wannan sa'a ya yi asara, shi ya sa ba ya nisa. Ita kuma tana samun mai tsaronta a lokacin da ta fi rauni. Su ne masu harbi da babban hannunsu, in sun rufe shi a ji ƙara mai ƙarfi. A shekarar 2000 masana daga Jami'ar Twente ta Holan da abokan aikinsu na Jamus suka nuna da kyamara mai sauri cewa ƙarar ba ta haɗuwar yatsun hannun ba ce: rufewar tana fesa ruwa da gudun kimanin mita 25 a daƙiƙa, kumfa ta samu, fashewar kumfar ce ke yin ƙarar har ta sumar da ƙaramin kifi. Wasunsu ma suna ajiye ɗan kifi a bakin rami a matsayin mai gadi. Jatan landen na haƙa yana taɓa kifin da dogon zaren kansa, da kifin ya girgiza wutsiya sai duka su faɗa ciki.

Mbeatoe na kogin Wuri shi ne ya fita daban. Bayan kowace shekara 3 zuwa 5 sukan bar ramukansu gaba ɗaya, maza da mata, su taso su cika bakin kogi, kuma masana na danganta wannan fitowa da barbara. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san fitar shinge bayan ruwan farko: halittar da ke ɓoye a ƙasa ta fito a dare ɗaya, da yawan da tsuntsaye da kwaɗi da yara ba za su iya cinyewa ba. Hikimar ɗaya ce. Wanda ya fito shi kaɗai an cinye shi, amma idan dubbai suka fito lokaci guda, masu ci za su ƙoshi su bar saura, kuma neman abokin barbara ya zo da sauƙi. Mutanen Duwala sukan shiga ruwa da kwanduna su yi ta kwasa, lokaci ne na biki a wurinsu.

Ko ta wace hanya aka sadu, ɗawainiyar ƙwai ta mace ce. Tana manna su a fika-fikan cikinta, tana kaɗa musu ruwa, tana tsince waɗanda suka lalace, har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su kama da iyayensu ko kaɗan, 'yan mitsi-mitsi ne masu yawo a ruwa. Na Kalifoniya sukan yi mako 6 zuwa 8 a teku, su yi saɓa sau da dama, kafin ruwa ya dawo da su gaɓa su fara haƙa. 'Yan'uwan mbeatoe na kusa da aka yi nazari a tekun Meziko kuwa kwanaki kaɗan suke yi su nutse cikin laka, abin da ke riƙe su a bakin kogin da aka haife su.

Wannan na ƙarshen ne ke sa ni damuwa da bakin Wuri. Dabbar da 'ya'yanta ba sa nisa, in lakar gidanta ta lalace, da wuya wasu su zo daga wani wuri su maye gurbi da wuri. Mutane na kallon taɓon bakin kogi kamar wurin banza da ya dace a cike da ƙasa a yi gini, ko a zuba shara da baƙin mai. Alhali waɗannan masu haƙa su ne ke juya lakar, suna kai iska cikinta, suna hana ta ruɓa ta yi wari, ramukansu kuma mafaka ne ga ƙananan ƙaguwa da tsutsotsi da kifaye. Sare itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gefen kogin yana rage ganyen da ke ruɓewa ya zama abincinsu. Ban ga laifin kamun da ake yi da kwando ba, an yi ɗaruruwan shekaru ana yi. Abin da ke kashe irinsu shi ne rasa wurin haƙa.

In Allah ya sa sun fito kana gari har aka kawo maka, ka san cewa mace ake ci gaba ɗayanta. Namiji masunta sun san yana da wani abu mai kartar maƙogwaro, shi ya sa ake matse jikinsa a fitar da mai maimakon a ci shi haka. Bambanta su ba wuya: ka duba hannun damƙa, wanda nasa ya fi girma da kauri shi ne namijin.