Ku Tambaya Mu Amsa: Wasan Salula, Kuɗin Data da Cinikin Lu'ulu'u

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga jihar Maraɗi, kuma dukansu a kan wasannin intanet da kuɗin da suke ci.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya. Da ɗana ya ci jarrabawar BEPC na saya masa salula, to tun daga lokacin ba a yin kwana uku bai zo mini da maganar cewa forfe ya ƙare ba. A watan jiya kuma na gano ya karɓi jaka huɗu a hannun mahaifiyarsa, ya sayi wani abu da yake kira lu'ulu'u a cikin wasan harbe-harben da suke yi da abokansa a fada. Da na tsare shi, sai ya ce mini wasan kyauta ne. In kyauta ne, ina kuɗin suke zuwa? Wasan ne ke shanye data, ko kamfanin waya ne ke cutarmu?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kuɗi iri biyu ne suka cakuɗe maka, na data da na cikin wasa, kuma kowanne da ƙofar da yake bi ya fita daga aljihu.

Maganar data ita ce mai sauƙi. Wasan kansa, a lokacin da ake buga shi, ba mai yawan ci ba ne, domin hotuna da filin daga da kayan yaƙi duk suna ajiye a cikin wayar tun ranar da aka sauke shi. Abin da ke kai da komowa tsakanin wayar ɗanka da babbar kwamfutar kamfanin wasan gajerun saƙonni ne kawai: wane yana nan, wane ya juya, wane ya yi harbi. Awa guda ta irin wannan wasa yawanci ba ta wuce mega ƴan gomomi. Masu cinye forfe su ne sabuntawar da kamfani ke turowa lokaci-lokaci, wadda kan kai ɗaruruwan mega, wani lokaci ta haura giga guda, sai tallace-tallacen bidiyo, sannan uwa uba kallon wasan wasu a YouTube da TikTok, wanda yara ba sa lissafa shi a matsayin kashe kuɗi. Ba sai ka yi gardama da yaron ba: ka shiga saitin wayar, ka buɗe wurin da ke nuna amfani da data, za ka ga sunan kowace manhaja da abin da ta ci a wannan wata. Daga nan ka shiga Play Store ka hana shi sabunta manhajoji sai an samu Wi-Fi, kuma idan kamfanin layinku yana sayar da forfen dare mai rahusa, a bar manyan sauke-sauke sai dare. Ka kuma lura cewa a tsarin wasu kamfanoni, forfe na ƙarewa waya ke komawa kan kiredin kira a farashi mai tsada.

Lu'ulu'u kuwa sai mun zauna. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba da ya ce wasan kyauta ne, sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. A da, mutum kan sayi wasa sau ɗaya ya zama nasa. A shekarar 2009 kamfanin Apple ya ba da damar a riƙa sayar da abubuwa a cikin manhajojin da aka sauke kyauta, kuma zuwa 2012 wasanni irin su Candy Crush Saga da Clash of Clans sun nuna wa duniya cewa riba ta fi yawa idan aka bar ƙofa a buɗe, aka kafa rumfa a ciki. A kan wannan turba Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, har wasan ƙwallon kamfanin Konami na Japan, wanda matasanmu suka sani da PES, ya sauya suna zuwa eFootball a 2021 ya koma kyauta. Mafi yawan masu buga waɗannan wasanni ba sa biyan ko tamma. Tsiraru ne ke ɗauke da kamfanin, su kuma masu bugawa kyauta aikinsu shi ne su cika fili, don mai sabuwar riga ya sami wanda zai yi wa ƙwalisa.

A matsayinka na ɗan kasuwa, dabarar farko ba za ta yi maka wuyar ganewa ba. Ba a rubuta farashin riga ko bindiga da sefa ko yuro. Sai ka fara canza kuɗinka zuwa kuɗin wasan, wato lu'ulu'u, ko UC, ko tsabar zinariya, sannan ka yi ciniki da su. Wanda zai yi ta juya jaka guda a hannu kafin ya miƙa wa mai shago, ba ya jin komai idan lamba ta sauka daga 310 zuwa 190 a kan allo, saboda lambar ba ta yi masa kama da kuɗin cefane ba. Kuma da gangan ake sa ƙunshin da ake sayarwa ya saɓa da farashin kaya. A ce, don misali kawai, ana sayar da lu'ulu'u ɗari-ɗari, rigar da yaro ke so kuma 120 ce: dole ya sayi ƙunshi biyu, a bar masa canjin 80 wanda ba ya sayen komai kuma ba a mayar da shi kuɗi, sai ya zauna yana yi masa ƙaiƙayi har ya ƙaro. Maganinta lissafi ne da kuɗinmu. Sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka ƙunshin da aka rubuta wa yuro 0.99 kusan dala 130 ne (sefa 650), na 4.99 ya haura jaka uku, babban ƙunshin 99.99 kuwa ya wuce jaka sittin da biyar.

Akwai kuma takardar zango, wadda wasan Fortnite ya yayata. Ana biyan kuɗi kaɗan na wata ɗaya ko ƴan makonni, amma kyaututtukan da ke ciki ba sa fitowa sai an yi ta buga wasa kullum, kuma duk abin da ba a kai gare shi ba kafin zango ya ƙare ya tafi ke nan. A ganina ita ce mafi gaskiya wajen farashi, tunda mai saye ya san abin da ya saya, amma da lokacin yaro take karɓar cikon kuɗinta, ga shi kuma ɗan lakkal ne.

Wanda ya fi damuna shi ne akwatin sa'a, ko keken da ake juyawa. Yaro ya biya, ba don ya sami abin da yake so ba, sai don a ba shi damar gwada sa'a. Sayen kifi a cikin ruwa ke nan. Idan an ce damar fitowar abu ɗaya ce cikin ɗari, yara suna ɗauka cewa wanda ya juya sau ɗari dole ya samu, alhali lissafi ya nuna cewa cikin mutum ɗari da kowannensu ya juya sau ɗari, kusan 37 za su tashi hannu rabbana, sai fa idan wasan ya yi alkawarin bayarwa bayan wani adadi. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana waɗannan alƙaluma tun 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya bi sahu a 2019, ita kuwa hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatin sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Hukuncinsa a addini na bar wa malamai, amma ya kamata a kai musu bayanin yadda abin yake, ba sunan da aka lulluɓe shi da shi ba. Kada kuma ka ɗauka gidanka kaɗai abin ya shafa: a watan Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, kuma miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka caja kuɗin abin da ba su yi niyyar saye ba ne.

Ban ba ka shawarar ƙwace wayar ba, domin ta abokinsa tana nan a fada. Ka yanka masa abin da za ka iya a wata, data da lu'ulu'u a haɗe, ka miƙa masa a hannu ranar ɗaya ga wata, kuma ku daidaita da mahaifiyarsa cewa babu ƙari ta bayan gida. Ka sa shi ya riƙa faɗa maka farashin duk abin da yake so da dala da jaka. In akwai kati ko asusun kuɗi da ke haɗe da wayar, a sa Play Store ya nemi kalmar sirri a kowane ciniki.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Yayana ya aiko mini da na'urar wasa ta hannu, Nintendo Switch, daga Faransa, na duba ko'ina ban ga wurin sa layi ba. Ina haɗa ta da intanet ɗin wayata, kuma ko da rezo ya cika da 4G sai wasa ya riƙa tsinkewa, wani lokaci ma ya ƙi haɗa ni da kowa. Forfe mafi girma zan saya?

AMSA: Ƙanena, ajiye kuɗinka tukuna. Switch, wadda ta fito a 2017, da Wi-Fi kaɗai take aiki idan tana hannu, don haka raba intanet daga waya da kake yi daidai ne. Girman forfe kuma yawan ruwan da ke cikin randa ne, bai shafi lokacin da ɗan garuwa ke ɗauka kafin ya iso ba. Abin da wasan kai tsaye ke buƙata shi ne saƙo ya je ya dawo da wuri, kuma wannan jinkiri, wanda ƴan wasa ke kira ping, ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kowane irin wannan kashi. Daga Maraɗi zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, wato zuwa da dawowa ba za su gaza 40 ba ko da an shimfiɗa waya sambal. To ba haka hanyar take ba: Nijar ba ta da teku, saƙonka sai ya ratsa maƙwabta ya kai gaɓa, ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, kowace tasha kuma ta ƙara masa nata jinkiri. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san yadda muke rataye da su.

Sandunan rezo da kake gani ƙarfin sigina tsakaninka da eriya kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa kuke rabon eriyar. Shi ya sa bayan isha'i, lokacin da unguwa duka ke kallon bidiyo, wasa ke lalacewa, da asuba kuma ya tafi sumul. Ka gwada a lokuta daban-daban, ka aro layin wani kamfani ka gwada a ɗakin da kake kwana, domin layin da ya yi kyau a Ali Ɗan Sofo ba lallai ya yi kyau a Bagalam ba. Ka ajiye wayar kusa da taga, a inuwa, kada ka haɗa caji da raba intanet a zafin Afrilu, saboda waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Ƙin haɗa ka da kowa kuma wata matsala ce dabam. Wasannin Nintendo da yawa suna haɗa na'ura da na'ura ne kai tsaye, su kuwa kamfanonin salula sukan tara dubban mutane a bayan adireshin intanet guda, sai na'urar wani ta rasa ta inda za ta same ka. Ka yi gwajin haɗi a saitin Switch ɗin, za ta nuna maka harafin NAT, wato makin sauƙin haɗuwarta da sauran na'urori: A ko B lafiya lau, D ko F kuwa su ne ciwon, kuma babu forfen da ke warkar da shi sai sauya layi ko samun intanet na gida. Kada ka manta cewa yawancin wasanninta na kuɗi suna buƙatar rajistar Nintendo Switch Online kafin a buga su da wasu, ban da na kyauta irin Fortnite. Ka kuma kashe sabuntawa ta kai-da-kai, domin na'urar ba ta san daga wayarka take sha ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne daga Ɗan Isa. Akwai masu sayar da lu'ulu'u da naira a WhatsApp, farashinsu bai kai rabin na cikin wasa ba. Akwai matsala in na saya?

AMSA: Ɗan'uwa, wani rangwamen yana da dalili. Apple da Google suna ɗaukar har kashi 30 cikin 100 na cinikin da ya bi ta shagonsu, don haka kamfanonin wasa kan buɗe shafin kansu ko su naɗa dillalai su sayar da ɗan sauƙi, kuma farashi kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma ƙasa da rabi, araha ce da ba ta ado. Irin wannan sau da yawa da katin banki na sata ake sayo shi, kuma ranar da mai katin ya kai ƙara aka janye kuɗin, asusunka ne za a cire wa lu'ulu'un ko a rufe shi ɗungurungum. Dillalin gaskiya lambar ɗan wasa kaɗai yake buƙata. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka ta Facebook ko Google, ko lambar da aka turo maka ta saƙo, asusun yake so. Katin kyauta na Google Play ma ba ya aiki sai a ƙasar da aka yi shi dominta, saboda haka ka duba ƙasar da asusunka yake kafin ka saya. Tunda kuma a bakin iyaka kake, ka kashe yawon data a saitin wayarka, ka zaɓi kamfanin layinka da hannu, don kada wayar ta kama eriyar Najeriya kana tsakar wasa a caje ka kuɗin baƙo.