Buromofom a ɗakin gwaji: shin shi ne ke sa ni ciwon kai?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin ɗakin gwajin ƙasa da duwatsu a nan Zinder. Muna amfani da ruwan buromofom wajen raba yashi, ƙwayoyi masu nauyi su nutse, marasa nauyi su taso. Tun shigowar bazara, duk ranar da na yi wannan aiki nakan tashi da ciwon kai da jiri da kasala, idanuna kuma suna ƙaiƙayi. Muna da akwatin zuƙar tururi, amma idan aka ɗauke wuta sai in buɗe taga, in sa takunkumi, in ci gaba. Safar hannuna irin ta asibiti ce. Wata kwalba kuma ta fara komawa ruwan ɗorawa. Abokan aiki sun ce in riƙa shan madara bayan aiki. Shin wannan ruwa ne ke damuna, kuma yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alamun da ka lissafa sun dace ƙwarai da na mutumin da ke shaƙar tururin buromofom, kuma yadda suke zuwa a ranakun aiki kaɗai ya ƙara ƙarfin wannan zato. Likita ne zai tabbatar, domin zafin bazara da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro duk suna kawo ciwon kai. Amma kafin ka ga likita akwai hukunci guda da nake so ka yanke tun yau: idan injin akwatin zuƙar tururi ba ya juyawa, kada a buɗe kwalbar, ko da aikin na gaggawa ne.

Buromofom, wanda za ka gani a jikin kwalba da sunan Bromoforme ko CHBr3 da lambar shaida 75-25-2, ɗan'uwan kulorofom ne, kuma ƙamshinsa mai ɗan zaƙi ya yi kama da nasa. Abin da ya sa masu nazarin duwatsu suke sonsa shi ne nauyinsa: lita guda ta kai kilo 2.89, kusan ninki uku na ruwa. Ƙwayar kwaz, wadda ita ce mafi yawan yashi, nauyinta 2.65 ne, don haka take tasowa, yayin da zirkon mai kusan 4.6 da kuza mai kusan 7 suke gangarawa ƙasan mazurari. Ba ya kama wuta, kuma ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 149. Waɗannan siffofi biyu su ne ke yaudarar ma'aikata, su ɗauka ruwa ne mai natsuwa wanda ba ya tashi sama.

Yana tashi, kuma adadin da jiki ke iya ɗauka kaɗan ne ƙwarai. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa a aikin awa takwas kada tururinsa ya wuce rabin kashi ɗaya cikin miliyan na iska, wato kimanin miligiram 5 a kowace mita kiyubik (sarari mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi). Mu auna wannan da ɗaki irin namu, mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi. Iskar da ke cikinsa mita kiyubik 48 ce, saboda haka miligiram 240 sun isa su kai ta iyaka, kuma wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, 'yan ɗigo ne kawai. Ƙaramin cokalin shayi guda da ya zube ya bushe a rufaffen ɗakin zai ninka iyakar sau 60. Ka tuna da takardar tacewa da ake ajiyewa a kan tebur tana jiƙe, da yashin da ake bazawa a faranti don ya bushe, da bakin mazurarin da ake bari a buɗe ana jiran ƙwayoyi su kwanta; kowannensu yana fitar da abin da ya fi 'yan ɗigo. Sa'an nan alƙaluman da ke takardar kamfani galibi na digiri 20 ne, alhali a Afrilu da Mayu ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a Damagaram yakan kusanci digiri 40, kuma a wannan zafi ƙarfin tashin tururin yakan ninka kusan sau uku. Wannan kaɗai zai iya bayyana dalilin da ya sa ciwonka ya bayyana da bazara ba da hunturu ba.

Hanci ba mai gadi ba ne a nan. Yawancin mutane ba sa jin ƙamshinsa sai ya kai wajen 1.3 cikin miliyan, wato bayan ya riga ya haura iyakar fiye da ninki biyu, kuma wanda ya daɗe a ɗakin hancinsa yakan saba. Tururin ya fi iska nauyi fiye da sau takwas, don haka yana malalowa daga tebur ya kwanta a ƙasa. Taga da ke sama ba ta kwashe shi, fanka kuwa juya shi kawai take yi ta kawo maka shi fuska. Saboda wannan ne nake roƙon kada kowa ya shimfiɗa tabarma ya yi salla ko ya kishingiɗa a ɗakin gwaji don neman sanyin siminti, al'adar da na san ana yi da tsakar rana. Takunkumin asibiti da rawani suna tare ƙura, amma tururi yana ratsa su kamar babu komai. Wanda ke tare shi shi ne takunkumin roba mai matatar gawayi ta nau'in A, mai alamar ruwan ƙasa, kuma shi ma na kwashe abin da ya zube ne, ba madadin akwati ba.

A cikin jiki, aikinsa na farko a kan ƙwaƙwalwa ne: ciwon kai, jiri, kasala, barci, kuma idan ya yi yawa mutum ya suma, numfashinsa ya yi rauni. An san haka tun da daɗewa, domin a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 likitocin Turai da Amurka sun riƙa ɗiga wa yara masu tarin shiƙa shi don ya kwantar da su. Da yake ya fi ruwan maganin nauyi, yakan taru a gindin kwalba, sai cokalin ƙarshe ya zo da ƙarfin da ya wuce kima, kuma an rasa yara ta haka. Ɓarnar da ta fi damuna game da kai ita ce wadda ba ta da hayaniya, wato ta hanta da ƙoda, waɗanda ke iya taɓuwa ba tare da ka ji komai ba sai daga baya. Game da cutar daji, gwaji a kan ɓeraye ya nuna ƙari a babban hanji, hukumar kare muhalli ta Amurka ta lissafa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo daji ga mutum, cibiyar binciken daji ta duniya da ke Faransa kuma ta ce hujjar ba ta isa yanke hukunci ba. A ganina wannan saɓani dalili ne na taka-tsantsan, kuma idan akwai mai juna biyu a cikinku a ɗauke mata wannan aiki gaba ɗaya.

Batun madara kuskure ne da ya yaɗu a wajen masu fenti da masu walda, har ya shigo ɗakunan gwaji. Abin da ya shiga ta huhu ya riga ya shiga jini, madara ba ta isa gare shi. Idan kuwa haɗiye shi aka yi, madara da man gyaɗa da manja suna iya ƙara saurin shigarsa jiki, domin a cikin maiƙo yake narkewa. Kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa komai. A kuskure masa baki, a kai shi Babban Asibitin Zinder tare da hoton takardar kwalbar. Wanda ya shaƙa har ya jigata a fitar da shi iska, idan ya suma a kwantar da shi a gefensa a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Ido ko fata a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, a cire tufar da ta jiƙe da agogo da zobe. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san famfo yana iya ƙafewa a ranar da aka fi bukatarsa, saboda haka a tanadi jarka mai lita 20 ta ruwa mai tsabta da buta ta musamman kusa da ƙofa, a riƙa sabunta ruwan, kuma kada a taɓa su don alwala ko shayi.

Safar asibiti ba ta kare ka. Buromofom yana ratsa siririyar roba cikin ɗan lokaci, ya tsaya tsakaninta da fata mai gumi, kuma fata hanya ce ta shigarsa jini. Safar Viton tana jure masa, amma asiton da kuke wanke ƙwayoyi da shi yana lalata ta, don haka mafi dacewa da aikinku ita ce safa mai rufi-rufi irin Silver Shield, a ɗora siririya a kanta don riƙo ya yi kyau. A sa tabarau mai rufe gefen ido, da riga mai dogon hannu, da rufaffen takalmi maimakon silifa. Kwalbar tana da nauyin da ido ba ya tsammani. A ɗauke ta da hannu biyu, ko a cikin bokiti. Kafin fara aiki ka riƙe ɗan siririn tsinken takarda a bakin akwati ka ga iska tana jansa ciki, domin ƙurar hunturu tana toshe bututu har injin ya yi ta ƙara ba ya zuƙar komai. Ka duba kuma inda bututun ke fitarwa, kada ya kasance kusa da tagar wani ofis. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a toshe mazurari, a rufe kwalba, a sauke gilashin akwati, a fita.

Kwalbar da ta koma ruwan ɗorawa ta fara ruɓewa ne. Haske da iska da zafi suna sa buromofom ya saki buromin da asid, waɗanda suka fi shi ƙona ido da maƙogwaro, kuma mai yiwuwa suna da hannu a ƙaiƙayin da kake ji. Kamfanoni sukan zuba masa ɗan etanol ko makamancinsa don hana wannan, amma idan kuna maido da wanda aka yi aiki da shi ta hanyar wanke shi da ruwa, etanol ɗin yana tafiya tare da ruwan, sai wanda aka maido ya fi saurin lalacewa. Ka ware kwalbar, ka rubuta mata kwanan wata, kada ka sunsune ta. Kada ka yi yunƙurin gyara ta da soda mai ƙarfi, domin haɗuwar buromofom da asiton da soda tana iya tafasa da ƙarfi har ta fasa mazubi. A nisanta shi da sodiyom da fotasiyom da garin alminiyom ko zinki ko magneziyom, da kuma garwashin shayi da duk wata wuta, wadda ke mai da tururinsa hayaƙi mai guba. Ma'ajinsa kwalba mai duhu, a kabad mafi sanyi, a ƙasa, cikin faranti mai baki.

Ba ka ambaci inda ruwan wankin yake zuwa ba, kuma ina fatan ba magudana ba ce. Wannan ruwa yana nutsewa ƙarƙashin ruwa, ya bi rami ya sauka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a mikirogiram 100 cikin lita, ma'ana mililita guda ta isa ta kai lita kusan 29,000 wannan iyaka. A garin da ruwa yake da tsada irin namu, wannan ba ƙaramin alhaki ba ne. A tara shararsa a kwalbar gilashi mai suna, dabam da sauran shara. Abin da ya zube a rufe shi da busasshen yashi a kwashe cikin mazubi mai murfi. Kada a ƙona. Kwalbar da ta ƙare kada ta fita hannun masu sayen kwalabe, domin gobe za a iya zuba mata mai ko turare.

Ka kai wa shugabanka maganar sauya ruwan. Akwai gishirin sodiyom politungistet da ake narkarwa a ruwa har nauyinsa ya kai wajen 3.1, ba ya fitar da tururi mai guba, kuma ana tace shi a ƙafar da ruwan a sake amfani da shi. Yana da tsada a farko, yana da kauri don haka tacewa takan ɗauki lokaci, amma a wurin da wuta ba ta da tabbas shi ne ya fi dacewa. Kafin nan, ka dakatar da aikin, ka je a auna maka hanta da ƙoda, ka faɗa wa likita sunan sinadarin da tsawon lokacin da ka yi kana aiki da shi, ka kuma gaya masa yawan farasitamol da kake sha don ciwon kan, tunda shi ma ta hanta yake bi. Idan ka ga idonka ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ka tafi a ranar. Allah ya ƙara lafiya.