Ƙwallo ta gundure ni, wane wasa zan koma?

Ɗan'uwa, ka ce wasan bidiyo na ƙwallo, EA Sports FC, ya ishe ka, kana neman wani irin wasan. In saurin hannu kake so, gwada PUBG: mutum 100 ake zubewa a tsibiri, fili yana ta matsewa har a bar gwani ɗaya. Sababbin shiga sukan dira inda aka cunkushe, a harbe su kafin su tsinci bindiga. Ka dira gefe tukuna, ka tara kaya. In natsuwa kake nema, Minecraft ya fi, ka haƙo ka gina, amma ka kafa ɗaki kafin dare, lokacin ne dodanni ke fitowa. PUBG na cin waya sosai. In batirinta ya fara kumbura, daina caji, kai ta wurin mai gyara.