Amsa: kan sarkin Japan na shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, na jabu ne?

Malam kwantar da hankalinka, abin da ka gani ba alamar jabu ba ce ko kaɗan. Ka ce kan sarkin naka na murnar shigar Japan Majalisar Ɗinkin Duniya ne amma a katalog, wato littafin jerin kan sarki, an rubuta 1957, alhali ka san 1956 ta shiga. To duk biyun daidai ne. An karɓe ta ranar 18 ga Disamba 1956, shekara ta zo ƙarshe, kuma kan sarki ba a rana ɗaya ake yin sa ba, sai an zana an amince sannan a buga a raba wa gidajen waya, shi ya sa bai fito ba sai Maris 1957. Duba da kyau za ka ga tambarin majalisar, taswirar duniya da rassan zaitun biyu sun kewaye ta, kuɗinsa yen 10.

Ni dai wanda ya fi taɓa min zuciya na Jamus ne. Ta gabas da ta yamma rana ɗaya suka shiga, 18 ga Satumba 1973, kowacce ta buga nata daban, in ka jera su gefe da gefe wallahi sai ka ga tarihin rabuwar ƙasa a 'yar takarda.

Maganar tsada kuma gaskiya kada ka sa rai sosai, irin waɗannan da yawa ake buga su. Amma in naka yana manne a ambulan da hatimin ranar farko, wato hatimin gidan waya na ranar da kan sarkin ya fara fitowa, don Allah kada ka ɓamɓare shi, kuma ka nisanta shi da danshi.